Yadda zaka haɗa katakon da yake buɗewa ya rufe da kansa idan laima ta canza

Duk wanda yake da ƙofar katako a gida ya san halinta. Damina na kankama sai ta kumbura ta ƙi rufuwa sai an sa mata kafaɗa, hunturu na shigowa kuma ta motse har ka riƙa hango tsakar gida ta tsakanin falankan. Kafintoci sun ɗauki abin a matsayin ciwon kai, kullum neman yadda za'a hana katako motsi ake. To wasu masu zanen gine-gine a Jamus sai suka juya tunanin, sukace tunda dai katakon nan bazai daina motsi ba mai zai hana mu sa shi aiki, ya zama shine zai riƙa buɗe kafofin iska a jikin gini yana rufewa, ba wuta ba inji ba batir ba wani mai danna maɓalli. Abin ya daɗe yana burge ni wallahi, kuma da na fahimci yadda yake sai naga ai kafinta mai haƙuri zai iya gwadawa a shagonsa.

Waɗanda suka fi yin suna a harkar sune Achim Menges da Steffen Reichert da suka yi aikin a jami'ar Stuttgart ta Jamus. A 2012 sun kai wani aiki mai suna HygroScope cibiyar Pompidou dake Faris, an sa shi cikin akwatin gilashi ana canza laimar ciki, wato danshin iskar ciki, dubban ƴan siraran katako suna buɗewa suna rufewa kamar furanni. A 2013 kuma suka gina wata ƴar rumfa HygroSkin a garin Orleans na Faransa, jikinta akwai kafofi kusan 1100 masu amsa laimar iska daga kashi 30 zuwa kashi 90 cikin 100, rana ta fito gari ya bushe su buɗe, hadari ya haɗo su rufe. Daga jikin kwanson ƴaƴan itacen fayin suka ɗauko dabarar, irin wanda ake gani a Jos, shi idan ya bushe ɓawonsa buɗewa yake iri ya zube, idan ya jiƙe ya tsuke, alhali tuni ya mutu ya faɗo daga bishiya. Mu ma ai muna da irinsa a gona, manomin riɗi ya san dalilin da yasa baya barin riɗi ya bushe ƙarau a tsaye, bakin kwanson ne zai buɗe ƙwayar ta zube ƙasa, haka kwanson wake idan ya sha rana sai ya murɗe ya fashe. Duk abu ɗaya ne, ɓangare biyu manne da juna, ɗaya yana motsewa fiye da ɗayan, dole abin ya lanƙwashe.

Kafin ka taɓa katako ma gwada da takarda. Yanki ƴar doguwar takarda ka manna salatef a gefe ɗaya, ka hura mata hucin bakinka ko ka riƙe ta saman tururin shayi, zakaga ta lanƙwasa ta nufi ɓangaren salatef ɗin, ka barta ta sha iska ta dawo. Takardar ce ta sha laima ta ƙara tsawo, salatef bai sha ba. Idan ka gane wannan ka gane rabin aikin.

Yanzu katako. Abinda ya kamata ka riƙe shine katako baya motsi daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawonsa, wato yadda jijiyar itacen ta miƙe daga saiwa zuwa sama, kusan baya motsi sam, bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 ba daga ɗanye zuwa busasshe. Amma ta faɗi, idan ka bi zagayen zoben nan da ake gani a bakin gungume, yawancin itatuwa suna motsewa kashi 6 zuwa 10, wasu har sun haura, sannan daga tsakiyar gungume zuwa ɓawo kamar rabin haka. Kuma motsin nan yana faruwa ne kawai idan ruwan dake jikin katakon yana ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, sama da haka ruwa ne kawai kwance a ramukan ciki baya ƙara masa girma. Katako kullum neman daidaita kansa yake da iskar da yake ciki. A iska mai laima kashi 30 zai tsaya a wajen kashi 6 na ruwa, a kashi 65 wajen 12, a kashi 90 wajen 20. Kaga kenan a gari irin Kano inda laima kan sauka ƙasa da 20 da ranar hunturu sannan ta haura 70 ko 80 a watan Agusta, tafiyar da katako yake yi ba ƙarama bace, ba mamaki ƙofofinmu ke wahala.

Abinda zaka haɗa falle biyu ne. Falle na farko shine mai motsi, zaka yanke shi yadda jijiyarsa zata gitta, wato ta tafi ta faɗin ɗan tsirin da ka yanka, domin kumburin ya zama ta tsawon tsirin yake tafiya. Falle na biyu shine mai riƙewa, shi jijiyarsa tana bin tsawon tsirin, dan haka bazai miƙe ba. Nan mutane suka fi yin kuskure, idan ka jera jijiyoyin biyu ta hanya ɗaya babu abinda zai faru sai dai duka su kumbura tare. Ka lura ai filawud shima gittawa ake yi, amma shi ana jera falle uku ko biyar ko bakwai ne domin gaba da baya su ja daidai kada ya lanƙwashe. Mu kuma da gangan muke ɓata wannan daidaiton. Kafintan da ya taɓa manna fomaika a fuska ɗaya ta allo ya dawo ya tarar allon ya yi doro ya riga yaga abin da idonsa.

Wajen zaɓen itace, mai motsin kana son wanda ya fi kowa rashin zama lafiya. A Turai sun fi amfani da itatuwansu na can, biich da mapul, shi biich yakan motse kusan kashi 12 ta zagayen zobe, ma'ana duk kashi 1 na ruwa da ya shiga ko ya fita yana canza faɗinsa da wajen kashi 0.4. Lissafa kaga, tsiri mai tsawon santimita 10 idan ruwan jikinsa ya tashi daga 6 zuwa 16 zai so ya ƙara milimita 4, to wannan milimita 4 ɗin da aka hana shi miƙewa ita ce take zama lanƙwasa. Markus Rüggeberg da Ingo Burgert a Zurich ta Suwizalan sun wallafa gwajin da suka yi a 2015 da biich a matsayin mai motsi da itacen sifurus, dangin fayin, a matsayin mai riƙewa, har suka nuna abin yana da ƙarfin da zai juya ɗan farantin sola. A kasuwar katako tamu kuwa, maɗaci da iroko da tik an san su da zama lafiya shi yasa ake son su a ƙofa da kujera, dan haka su sun fi dacewa da mai riƙewa. Na mai motsi ni da itacen turare zan fara gwadawa tunda kowa ya san halinsa na murɗewa da tsagewa idan yana bushewa. Sannan ka nemi siririn fallen katako irin wanda ake feraye gungume a samu, wanda ake mannawa a fuskar filawud, domin shi yankansa ya bi zagayen zobe ne, wato ɓangaren da yafi motsi. Kaurinsa yawanci wajen rabin milimita ne ko sama kaɗan. A zaɓi mai miƙaƙƙiyar jijiya marar gaɓa, idan jijiyar ta karkace abin naka murɗewa zai yi kamar igiya maimakon ya lanƙwasa. Mai riƙewar ba dole sai katako ba, ƴan Stuttgart sun yi amfani da siririn zaren gilashi da aka jiƙa da gam mai ƙarfi, kuma yafi jure waje.

Maganar kauri tana da muhimmanci sosai. Siriri yafi lanƙwasa kuma yafi sauri, idan ka rage kaurin duka biyun zuwa rabi lanƙwasar zata ninka, idan ka ninka kauri kuma lokacin da laima zata ɗauka ta ratsa shi zai kai wajen ninki huɗu. Falle mai rabin milimita cikin mintuna zakaga ya fara motsi, mai milimita 4 ko 5 sai awanni, katon falanki sai kwanaki. To ka tambayi kanka me kake so, abinda zai bi safiya da rana da dare ko abinda zai bi damina da rani. Na kullum siriri, na shekara mai kauri. Kuma mai riƙewar ya zama yafi mai motsin siranta, saboda katako ta tsawon jijiya yafi ƙarfi nesa ba kusa ba, idan kayi su kai ɗaya mai riƙewar zai danne ɗan uwansa motsin ya ragu. Yanka tsiri uku ko huɗu, wani mai motsin ya ninka mai riƙewar sau biyu, wani sau uku, wani sau huɗu, ka rubuta lamba a jikin kowanne.

Yanzu ga inda sirrin yake, kuma dan wannan na zauna rubutun nan. Ranar da ka manna fallen biyu, yawan laimar dake jikin mai motsin a wannan lokacin shine umarnin da ka bashi har ƙarshen rayuwarsa. A wannan laimar zai riƙa zama a miƙe. Iska ta fi haka danshi, mai motsin ya kumbura abin ya lanƙwasa ya nufi ɓangaren mai riƙewa. Iska ta fi haka bushewa, ya motse abin ya lanƙwasa ya nufi ɓangaren mai motsin. Shike nan, babu wata kwamfuta a ciki, gam ɗin da laimar ranar sune komai. Dan haka idan kana son irin na kwanson fayin, ya rufe da damshi ya buɗe da bushewa, sai ka manna shi yana da danshi. Idan akasin haka kake so ka manna shi a bushe.

Kuma anan ne nake ganin bai kamata mu kwafi na Turai ido rufe ba. Su rana abar marmari ce a wajensu, ruwan sama suke gudu, shi yasa nasu yake buɗewa idan gari ya bushe. Mu kuwa yaushe gari yafi bushewa? Da rana bayan azahar lokacin da bangon yamma yake ɗaukar wuta, da kuma hunturu lokacin da ƙura take cika ɗaki. Duk lokutan nan rufewa muke so. Yaushe laima take tashi? Cikin dare zuwa asuba sanda iska take sanyi, da damina sanda ɗaki yake zama kamar tukunya saboda gumi. Lokutan nan kuma iska muke nema. Kenan mu a bushe ya kamata mu manna, ya zama a miƙe a rufe da rana, dare yayi ya ɗaga baki iska mai sanyi ta shigo. Sai dai ka sani a watan Maris da farkon Afrilu a can arewa sosai ko da dare iskar a bushe take, dan haka buɗewar zata zama kaɗan a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wannan gaskiya ce da ya kamata mai gini ya sani tun farko ya bar wata taga ta hannu. Sannan tunda da damina a buɗe zai kasance, dole a sa shi ƙarƙashin inuwar rufi mai faɗi yadda feshin ruwa bazai shiga ba.

Yaya zaka saita laimar kafin mannawa? Nemi bokitin roba mai murfi da yake rufuwa gam, da ƴar na'urar auna laima ta dijital irin wadda masu ƙyanƙyasar ƙwai suke sawa a injinsu, ba tsada gareta ba. Idan danshi kake so, zuba gishirin girki a kwano ka ɗiga ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ruwan kada ya narkar da shi duka, ka sa a bokitin ka rufe, iskar ciki zata tsaya a kashi 75 cikin 100, wannan tsohuwar dabara ce da ake gwada na'urori da ita. Idan bushewa kake so sai ka tara ƴan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ko kuma mafi sauƙi ka jira hunturu kayi aikinka a watan Janairu, Allah ya riga ya baka ɗakin busarwa kyauta. Ka jera fallayen a ciki kada su taɓa gishirin, siraran kwana biyu ya ishe su, masu kauri sati ko fiye. Yadda zaka tabbatar sun daidaita shine awo, sa ɗaya a ƙaramin sikeli irin na masu saida gwal yau, ka sake gobe, idan nauyin bai canza ba ya zauna. Mai son sanin ainihin kason ruwan sai ya yanki ɗan guntu ya auna, ya gasa shi a obin a zafi wajen digiri 103 har nauyin ya daina raguwa, ya cire busasshen nauyi daga na farko ya raba da busasshen ya ninka da 100. Misali giram 11.2 ya koma giram 10, ruwansa kashi 12 kenan.

Gam kuma a kula. Farin gam ɗin kafintoci ruwa ne a cikinsa, kana shafawa siririn falle zai sha ya kumbura tun kafin ka matse, duk saitin da ka kwana biyu kana yi ya tashi a banza, kuma idan ya daɗe cikin danshi yana saki a hankali. Nemi gam ɗin ifoksi mai kwalba biyu da ake gaurayawa, ko gam ɗin foliyuritan. Shafa shi siriri sosai a jikin mai riƙewar, idan ya yi yawa zai ratsa ramukan mai motsin ya toshe su ya zama kamar roba baya shan laima. Ka fito da fallen daga bokiti ka manna nan take, minti biyar a iskar waje ya isa ya canza siririn falle. Sa leda sama da ƙasa, ka matse tsakanin allo biyu masu santsi da kilam, wato ƙarfen matsi na kafintoci, ko ka ɗora bulo, ka barshi ya kwana, in da hali duk matsin a cikin babbar leda a ɗaure.

Washegari sai gwaji. Kama bakin tsirin ɗaya da kilam a jikin allo, ka manna farar takarda a baya, ka riƙa zana inda ɗaya bakin ya kai da asuba da azahar da isha'i, kana rubuta abinda na'urar laima ta nuna a gefe. Sa shi a bokitin gishiri ka fitar ka maimaita sau da yawa, domin zagayen farko ba shine halinsa na gaskiya ba, katako yakan ɗan canza wurin zamansa bayan ya kumbura ya motse sau biyu ko uku, kuma hanyar da yake bi wajen shan laima ba daidai take da ta sakinta ba, yana ɗan jinkiri wajen dawowa. Idan ya tsage ta bin jijiya, bushewar ta fi ƙarfinsa, sai ka manna na gaba a laimar da ta ɗan fi ƙasa. Idan fallen ya ɓare daga ɗan uwansa gam ne ko ƙura, ka goge da sanfefa mai laushi kafin ka shafa.

Idan ka samu haɗin da ya maka, sai siffa. Mai kusurwa uku kamar ganye yafi kyau, gindi mai faɗi a kafe, tsinin a sake, shida ko biyar su haɗa kai a tsakiya su rufe rami ɗaya, haka na Orleans ɗin yake kamar fure. Ko kayi su kamar ɓawon kifi jere bisa jere kowanne ya ɗan hau na ƙasansa. Doka ɗaya ce, gefe ɗaya kawai ake kafewa, ka kafe biyu ya tsage. Yi amfani da sukurun da baya tsatsa, ramin ya ɗan fi sukurun faɗi, kuma kayi firam ɗin ƙanana-ƙanana yadda idan ganye ɗaya ya lalace zaka cire shi kaɗai. Ta ciki ka sa ragar sauro. Kuma dan Allah kada a ɗauke shi a matsayin tagar tsaro ko abinda zai ɗauki nauyin gini, riga ce kawai ta inuwa da iska a gaban taga ko baranda ko saman bango.

Kada ka shafa wa fuskar mai motsin fenti ko banish ko baƙin mai, ka toshe hancin da yake numfashi da shi kenan. Shi yasa kariya take da ɗan wuya, rana zata mayar da shi toka-toka, danshi mai daɗewa zai kawo fumfuna, ga kuma gara wadda ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ɗaga shi nesa da ƙasa, firam ɗin ya zama na alminiyom ko ƙarfe, a jiƙa fallayen da ruwan boraks, wani sinadari mai kare katako daga gara da fumfuna, a busar tun kafin a saita laimarsu, kuma a juya mai riƙewar ya kalli waje in tsarin buɗewar ya bada dama tunda shi ana iya shafa masa abin kariya. Ƙurar hunturu a riƙa kaɗe ta da busasshen buroshi mai laushi.

Dabarar bata tsaya kan ƙananan ganye ba. A 2019 ƴan Stuttgart ɗin tare da abokan aikinsu na Suwizalan sun gina hasumiya mai tsawon mita 14 a Urbach kusa da Stuttgart, manyan allunan sifurus aka manna suna da ruwa kashi 22, aka busar zuwa 12 suka lanƙwashe da kansu ba tare da injin matsi ba, daga nan aka haɗa su aka kulle siffar yadda bazasu sake motsi ba. Kafintan da yake shan wahalar lanƙwasa bayan kujera zai iya ɗaukar darasi anan.

Kafin ka rufe bango guda, haɗa firam ɗaya kamar rabin mita, ka rataye shi a daidai bangon da kake nufi, domin laimar gefen rijiya ko ƙarƙashin darbejiya daban take da ta bangon da yake kallon titi. Ka barshi ya ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya da damina ɗaya, kana ɗaukarsa hoto da waya duk Juma'a da asuba da kuma azahar daga wuri ɗaya, ka ajiye tsiri biyu na haɗin a cikin ɗaki domin ka riƙa kwatantawa da na wajen kaga nawa rana da ruwa suka rage masa.